Jibi ko Jibiya

Talata, 1 ga Afrilu, 2025

Sallah ta wuce, zafi bai wuce ba. Fankar rumfar cajina ta mutu tun jiya, wayoyin mutane sai turiri suke kamar an tsamo su daga tukunya.

Kulob ɗinmu Guguwar Iyaka dai mu ne na tara cikin goma. Biyun ƙarshe za su gangara rukuni na biyu. Wanda ya gangara kuma ya bar babban filin gari, ya koma buga ƙwallo a saurar wani, inda ruwa na sauka za a ce ku tuge sandunanku za a yi shuka. Saura wasa uku.

Kowa a nan Magama ta Jibiya ya zama masanin ƙwallo. Direbobin tasha sun ce Koci Kalilu ya tsufa, ya koma kan kekenshi na ɗinki ya huta. Koci ya ce Alhaji Abbas, shugaban kulob, ƙwallo biyu ya bar mana na atisaye, ɗaya ma sacewa take. Alhaji ya ce alƙalan wasa ne ba su son mutanen bakin iyaka. Haggai kyaftin ɗinmu ya ce mu 'yan wasa ne ba mu gudu. Shi kaɗai ne bai samu mai mara mashi baya ba.

Ni na ce laifin raga ne. Tamu ta cika faɗi, tasu kullum a tsuke.

Da rana na yi wa 'yan dako muryar Alhaji yana faɗa da alƙalin wasa, har wani ya saki buhun albasa don dariya. Ba banza suke ce mani Lado Aku ba. Muryar Koci ce kawai ban fito da ita ba tukuna. Sati uku ina gyaranta a bayan gida. Sai ya yi gyaran murya, sannan ya raba kalma biyu kamar mai gutsure zare da haƙori. Ta kusa nuna. Ranar walimar rufe gasa zan sake ta.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Na yi wata yau. Bari in rubuta tun tana da daɗi.

Koci ya kawo wayarshi caji zai tafi masallaci. Ba ya sa mata mukulli, wai ba shi da abin ɓoyewa. Yana juya baya sai ga saƙon murya daga Mudathir, golanmu. Mutumin Ɗan Isa ne, can tsallaken iyaka, duk ranar wasa yake tsallakowa a babur. Hannunshi kamar faifai, ba don shi ba da tuni mun gangara. Amma mantuwa! Kowane sati sai ya yi tambaya iri ɗaya.

"Koci, barka da Juma'a. Wasan ga, ina na, yaushe na?"

Gobe ne, a nan gida Jibiya, da 'yan Farfaru. Sai na ga ai kalma ɗaya za ta amsa tambaya biyu. Na danna, na yi gyaran murya irin na Koci, na ce: "Ehem. Jibi... ya."

Wallahi da na saurara ni kaina sai da na waiga. In ya ji jibi, in ce ai Jibiya aka ce maka, kunnenka ne na Faransa. Na goge ta ɓangaren Koci. Bayan la'asar in kira shi da wayata in sha dariya.

Bayan la'asar. Na kira, a kashe.

Sau goma sha ɗaya ke nan. Layinshi na Najeriya daga ya yi nisa da iyaka ba ya shiga, lambarshi ta Nijar kuma ba ni da ita. In na tambayi Koci zai ce ta mi.

Na aiki wani direba mai zuwa Ɗan Isa. Ya dawo kafin magariba ya ce Mudathir ya bi motar kawunshi sun kai aya Maraɗi, ya ce masu sai Lahadi yake da wasa.

Zai gane. Ai ba yaro ba ne. Kowa ya san Asabar ake wasa.

Sai dai sau biyu bana an ɗage mana zuwa Lahadi.

Asabar, 5 ga Afrilu

Uku da nema. A gida. Farfaru da ke can ƙasan kowa.

Ni aka sa a raga.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Jiya ban iya rubutu ba, yatsuna sun kumbura.

Har alƙalin wasa ya duba agogo sau uku Koci na tsaye bakin hanya da waya a kunne. Golanmu na biyu ya tafi haƙar zinari tun kafin azumi. Koci ya dubi benci ya ce, "Aku, kai ne mai tsalle-tsalle, shiga." Ni da gefen hagu nake bugawa, shi ma sai an ga dama. Safar hannu babu. Ta farko ta bi ta tsakanin ƙafafuna. Ta biyu ban gan ta ba, ihu kawai na ji. Ta uku na taɓa ta, ni na ƙarasa mata hanya.

Ba wanda ya zage ni. Abin da ya fi ci mani rai ke nan. Sai ma "sannu Lado, ka yi ƙoƙari." Mudathir ake ta tsine wa, wai Farfaru sun saye shi.

To yau ƙarfe uku da rabi muna gindin darbejiyar bakin fili ana ta maida zance, sai ga babur. Mudathir. Sanye da rigar gola, safar hannu rataye a wuya, yana murmushi.

"Ina mutane? Ba a zuba farar ƙasa ba ma?"

Wani ya jefe shi da ɓawon mangwaro. Haggai ya shiga tsakani.

"Mudathir, jiya aka yi wasa. Ina ka shiga?"

"Jiya kamar yaya? Jibi anka ce mani!"

"Wa ya ce maka?"

"Koci da bakinshi!"

Ya ciro waya ya ƙure murya. Ehem. Jibi... ya. Ya sake sawa. Ya sake. Mutum ya fi talatin a wurin, kowa ya san muryar nan.

Koci ya ce, "Ni ban aika maka komai ba." Ya buɗe wayarshi ya nuna, babu. Wani direba ya ce, "To ai gogewa ka yi, Malam." Koci ya karɓi wayar Mudathir ya kara a kunne, ya saurara shi kaɗai. Ya daɗe. Ya miƙa mashi, ya hau kekenshi ya tafi.

Ni ina bayan Haggai ina ɗaure igiyar takalmin da take a ɗaure.

Talata, 8 ga Afrilu

Alhaji ya dakatar da Koci. Ya ce har sai an gano gaskiya. Shekara goma sha tara da Koci ya kafa Guguwa, rigunanmu ma shi ke ɗinkawa.

Gari ya rabu uku. Masu cewa ya sayar da wasan, don matarshi Hassana 'yar Farfaru ce. Masu cewa tsufa ne, ya faɗa ya manta. Sai masu cewa ai Jibiya ya ce, Mudathir ne bai da kunne. Waɗannan na ƙarshen na so in shiga cikinsu, na ma faɗa sau ɗaya a tasha. Wani ya ce, "To in Jibiya ya ce, mi ya sa ya ce bai aika ba?" Na koma rumfa.

Ba wanda ya kawo ni a rai. Ba su san ina da muryar ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Wasa ne fa. Wasa na yi. Da rezo ɗin nasu, kamar yadda suke ce wa sabis, ya shiga, da yanzu dariya ake. Laifin kamfanin waya ne. Da kawun nan mai aya.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Alhaji da kanshi ya karɓi atisaye. Ya zo da babbar riga da usur sabo. Dabararshi ɗaya ce: "Ku buga gaba!" Haggai ya tambaye shi wa zai riƙe tsakiya, ya ce Allah.

A da da tuni na kwashe wannan na kai tasha. Na ji muryarshi ma ta taso mani a maƙogwaro, har da yadda yake jan hanci. Ban san mi ya sa na haɗiye ba.

Mudathir ya zo, bai kula kowa ba sai ni. Wai ya ji ni na tsaya mashi a raga. "Na gode, ɗan'uwa. Ka ga hannunka." Ya ba ni man zafi na wajensu mai ƙamshin kanumfari.

Na shafa. Ya yi aiki kuwa.

Asabar, 12 ga Afrilu

'Yan Gangara biyu, mu ɗaya. A can.

Alhaji ya canza mutum uku lokaci guda, ciki har da wanda ya ci mana. A motar dawowa sai wani daga baya ya ce, "Duk Koci Jibi ya ja mana." Sunan ya kama nan take.

Saura wasa ɗaya, da Daddara, sati biyu masu zuwa. Sai mun ci za mu tsira. Canjaras ba zai yi ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na wuce ta gaban shagon Koci da hantsi, ba don komai ba, hanya ce. 'Yan firamare sun taso tara, suna wucewa suna rerawa: "Yaushe za a karɓi ɗinki? Jibi! Yaushe za a ci tuwo? Jibi!" Yana ciki yana taka keke, bai ɗago ba.

Waƙar ta yi daɗi, abin haushin. Irin wadda da ni zan ƙirƙira.

Inna ta ce Hassana ta daina kawo zoɓo bakin fili. Wai ranar atisaye wata ta ce mata ta kai wa danginta na Farfaru su sha.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na kasa zama wuri ɗaya. Na share rumfa sau uku. Na ba wani wayar wani, sai da aka biyo shi har shingen kwastan.

Alhaji ya ce jibi Juma'a (jibi na gaske) za a yi ta ta ƙare. Bayan an sauko masallaci, a zaurenshi, Koci da Mudathir kowa ya dafa Alƙur'ani.

Ni allo kawai na yi, bokon nan ma a waya na tsince shi. Amma abu ɗaya na fito da shi daga gaban Malam: ba a wasa da dafa Littafi. Na ga mutumin da ya dafa kan ƙarya a rigimar gona, ban manta yadda ya ƙare ba.

Sai dai su biyun duk gaskiya za su rantse a kai. Mudathir an aiko mashi. Koci bai aika ba. To in duk sun rantse lafiya, ai shi ke nan, sai a ce aljanu ne. Mutanen nan sun yarda da abin da ya fi wannan.

Wannan tunanin ya ɗan sanyaya mani rai. Na ci abinci.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Ba haka ta kasance ba.

Zaure ya cika har waje. Na'ibin liman ya zo da Alƙur'ani naɗe cikin farin ƙyalle. Haggai ya zauna bakin ƙofa, ya ce shi ba addininshi ba ne amma kulob ɗinshi ne. Ni ina kusa da shi wajen takalma.

Mudathir ya yi alwala ya dafa. Ya rantse saƙon daga lambar Koci ya zo mashi, kuma ko ruwan Farfaru bai sha ba.

Aka juyo kan Koci. Shi ma da alwalarshi. Sai Alhaji ya ce, "Malam Kalilu, ka rantse ba kai ka aika ba, kuma ba ka san wanda ya aika ba."

Koci ya miƙa hannu. Ya tsaya. Na ga hannun a sama, da zoben ɗinkin nan nashi a ɗan yatsa. Sai ya janye ya sa a aljihu.

"Ba zan dafa Littafin Allah kan ƙwallo ba."

Zaure ya ɗauki hayaniya. "Ka ji ko!" "Ai dama!" Alhaji ya ce, "Malam, ka san abin da wannan ke nufi?" Ya ce, "Na sani, Alhaji." Alhaji ya ce to daga yau ba shi ba Guguwa, dakatarwa ta zama kora.

Ya taso zai fita. Ya duƙa gefena yana neman takalminshi, ya ce a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Aku, matsa mani."

Shi ke nan abin da ya ce. Amma rabin farko na rantsuwar zai iya, na san zai iya. Rabi na biyun ne ya hana shi.

Ya sani.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ban buɗe rumfa ba. Na ce wa Inna ciki ne. Ta dafa mani sabara, na sha don kar ta gane. Yanzu cikin ya fara da gaske.

Litinin, 21 ga Afrilu

Na je. Na ɗauki tsohon wandona na farke aljihun da hannuna don in samu abin riƙewa.

Yana ɗinkin rigar makaranta. Na gaishe shi, ya amsa, ya karɓi wandon ya juya shi.

"Wannan ba yagewa ya yi ba, yaga shi aka yi."

Na ce, "Koci..."

"Ni ba koci ba ne yanzu. Zauna, kana tare mani haske."

Na zauna kan buhun ƙyallaye. Ya sa wandon a keke. Yana takawa yake magana.

"Ranar Juma'ar nan wayata wuri ɗaya ta yini. Na tsufa amma ban kai nan ba." Ya gutsure zare. "Ka iya, ba laifi. Sai dai ni ban ja 'ya' ɗin nan haka. Ka ɗan zarce."

Na so in yi dariya, na so in yi kuka, ba wadda ta fito. Na ce mi ya sa bai faɗa ba.

"In faɗa a yi mi? Wa zai sake ba ka wayarshi a garin nan? Rumfar nan ita ke riƙe da kai da mahaifiyarka. Kuma ka san 'yan tasha, ba za su tsaya a baki ba." Ya miƙo mani wandon. "Ni sunana ya gama aikinshi. Naka bai fara ba. Tashi ka je."

Na ce to Inna Hassana fa, da waƙar yara?

Nan ne keken ya tsaya. Sai can ya ce, "Ka gaida gida."

Da zagina ya yi da na samu barci. Wannan wace irin mugunta ce, mutum ya yafe maka tun ba ka roƙa ba?

Talata, 22 ga Afrilu

Koci da kanshi ya ce in yi shiru. Babba ne, ya fi ni sani. In na yi magana ma ai na watsa mashi ƙasa a ido.

Laraba, 23 ga Afrilu

Na lissafa. In na faɗa: rumfa ta mutu, Alhaji ya kore ni, Mudathir ya karya ni. In ban faɗa ba: ba abin da zai same ni. Ko kaɗan. Lissafin a fili yake.

To mi ya sa na zagaya tasha sau biyar tun safe kamar akuyar da aka sayar da ɗanta?

Haggai ya tsaya a rumfa da yamma. Ya ce 'yan wasa ba su san inda za su tsaya ba ranar Asabar, Alhaji na cewa duk a tafi gaba. "Da Baba Kalilu na nan, Daddara ba su isa ba. Ya san su kamar aljihunshi." Sai ya dube ni. "Kai kwana biyu ba ka tsokani kowa ba. Lafiya?"

Na ce zafi ne.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na faɗa.

Ban shirya ba. Muna tsaye a da'ira kafin atisaye, Alhaji na bayanin buga gaba, sai na ji bakina ya ce, "Alhaji, saƙon nan ni na aika."

Dariya aka yi. Wallahi dariya. "Aku ya fara!" Alhaji ya ce, "Kai Lado, ba lokacin shashanci ba ne." Na ce da gaske nake, Koci ya kawo caji, ni na ɗauki wayar. Wani ya ce, "To muryar fa, aro ka yi?" Aka sake fashewa. Shekara nawa ina ƙarya ana yarda, yau na zo da gaskiya an ce wasa ne.

Ba yadda zan yi. Na yi gyaran murya.

"Ehem. Jibi... ya."

Dariyar ta ɗauke. Har kukan injin markaɗen bayan makaranta ana ji.

Mudathir ya ciro wayarshi ya sa saƙon. Ya dube ni. "Sake." Na sake. Ya tako a hankali, ya cire safar hannun dama, ya ajiye ta ƙasa da kyau. Marin bai yi zafi nan take ba, kunnen ne ya ɗauke.

"Na ba ka magani," ya ce. "Na ce maka ɗan'uwa. Na dafa Alƙur'ani saboda kai!"

'Yan kallo na tasha suka taso. Haggai ya tsaya gabana ya buɗe hannuwa. "Wanda ya taɓa shi ya taɓa ni. An mare shi, ya isa." Wani ya ce mi ya shafe ka. Ya ce, "Ni ne kyaftin har ranar Asabar."

Alhaji ya ce in cire rigar kulob. Na cire, na tsaya da singileti. Ya yi ta jujjuya usur a hannu, sai ya ce wa Haggai, "Mu je gidan Malam Kalilu. Kai za ka fara shiga, ni ban san da wane ido zan dube shi ba."

Ni na biyo ta bayan kasuwa na dawo gida. Na gaya wa Inna kafin ta ji a waje. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki mayafi ta tafi wurin Hassana.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Waya huɗu aka kawo yau. Biyu na baƙi ne 'yan Maraɗi da ba su ji labari ba.

An ce Koci ya koma. An ce da Alhaji ya fara ba shi haƙuri, sai ya katse shi ya ce a kawo ƙwallo ta uku.

An kuma ce ya ce, "Yaron nan bai jin magana."

Asabar, 26 ga Afrilu

Daga saman wata tirela da aka ajiye bayan katanga na kalla. Ƙarfen kamar wuta.

Koci na bakin layi da hularshi. Da ya shigo wasu suka tafa, wasu suka sunkuyar da kai, waɗanda suka fi zaginshi su suka fi tafi. Hassana ta dawo da kular zoɓonta.

Ban taɓa ganin Guguwa ta yi wasa haka ba bana. Kwana biyu kacal ya samu amma kowa ya san wurinshi. Haggai ya ci da ka kafin hutu. Na yi tsalle har na kusa faɗowa. Mudathir ya tare bugun daga kai sai gola, ya tare wata da ƙafa, ya tare wata da fuska.

Saura minti shida suka farke. Bugun kwana ne, ƙwallo ta bugi gwiwar ɗan bayanmu ta shige. Ba laifin kowa.

Ɗaya da ɗaya. Mun gangara.

Da ba a rasa wasan Farfaru ba. Da Koci ne ya ja mu wasan Gangara. Da ya samu sati uku maimakon kwana biyu.

Na zauna kan tirelar har fili ya watse. Koci ne na ƙarshe. Shi da Haggai suka kwance raga, suka naɗe ta, suka ɗora a bayan kekenshi.

Talata, 29 ga Afrilu

Gari ya huta, an samu mai laifi. Direbobi, 'yan dako, Alhaji, kowa bakinshi ɗaya karon farko. Waƙar yara ma ta canza, yanzu sunana ne a ciki. Ba ta kai ta farkon daɗi ba.

Haggai ya zo da wayarshi da ta matarshi, ya ajiye a gaban mutane da gangan. Ya ce, "Kafin muryarka wasa bakwai aka ci mu. Kai ka tura, amma dama a bakin rami muke." Na ce ya bar shi kawai. Ban son a rage mani. Ban san dalili ba.

Mudathir ya wuce a babur sau biyu. Bai juyo ba.

Talata, 6 ga Mayu

Hadari ya haɗu jiya ta gabas, bai zubo ba.

Wani tsoho a hanyar Daddara ya ba Guguwa saurarshi, ya ce bana ba zai noma ta ba. Duk kututturen dawa ne da ƙaya. Koci ya ce kowa ya fito da fartanya bayan asuba. Ba da ni aka ce ba, ni korarre ne.

Na dai bi ta wurin. Fartanyar Inna ce dama zan kai wa maƙeri, hanya ce ta biyo.

Ba wanda ya ce mani zo, ba wanda ya ce tafi. Koci bai dube ni ba. Ya ɗaga sandarshi ya nuna kusurwar da ƙaya ta fi yawa, ya ci gaba da auna faɗin raga da taku. Na yi awa biyu a wurin. Mudathir na can ɗaya gefen yana tuge kututture kamar wuyana ne. Da aka tashi dai tarin nawa ya fi nashi, na lura ya lura.

Da rana wani sabon ma'aikaci na shingen iyaka ya kawo caji. Ƙato, ga gashin baki, amma murya siririya ta hanci kamar an taka ɗan kyanwa. Irin wadda ake samu sau ɗaya a shekara. 'Yan dako biyu da ke zaune suka zuba mani ido, suna danne dariya, suna jira ya juya baya.

Na ce mashi ya sa wa wayar mukulli kafin ya ba ni. Ya sa, ya tafi. Suka ce, "To, Aku?" Na ce maƙogwarona ke ciwo, ƙurar saurar nan ce.

Ita ce kuwa. Ina ji.

Gobe ma wai za a fita. Ban ce zan je ba. Maƙerin dai ban same shi ba, sai na wasa fartanyar da kaina.